Amsa: Ko Wire Fox Terrier zai zauna lafiya a gida mai yara da zomo?

'Yar uwa, na karanta tambayarki: kuna zaune a Ingila da yara biyu, ɗan shekara 4 da 'yar shekara 9, akwai ɗan fili a bayan gida da zomo a keji, kuma an ce miki wannan karen ba ya zubar da gashi. Batun hukuncin ajiye kare a gida na bar wa malamai, tunda ba shi kika tambaya ba.

Kada kamanninsa su ruɗe ki. Gemun nan da gashi mai nannaɗe suna sa a ɗauka kare ne na kwalliya, alhali mafarauci ne. A Ingila aka samar da shi a ƙarni na 19, aikinsa kuwa shi ne idan yanyawa ta tsere wa manyan karnuka ta shige rami, ya bi ta ciki ya koro ta. Shi ya sa fari ya rinjayi jikinsa, don maharbi ya bambanta shi da abin farauta. Tsayinsa a kafaɗa bai wuce santimita 39 ba, nauyinsa kusan kilo 8, yana kaiwa shekara 12 zuwa 15. Karen da aka ƙera ya shiga rami shi kaɗai ya yanke wa kansa shawara, ba zai tsaya jiran umarninki a kan komai ba. Duk matsalolin da masu shi ke kuka da su daga nan suka samo asali.

Zomon shi ne babban abin dubawa. Duk abin da ya motsa da gudu, zomo ne, ɓera ne, kyanwar maƙwabta ce, zai bi shi, kuma salon irin waɗannan karnuka shi ne cafkewa a girgiza. Horo yana rage wannan, ba ya kawar da shi. Wanda ya tashi da kyanwa tun yana kwikwiyo yakan haƙura da ta gida, zomo kuwa ban yarda a gwada ba. In za ku haɗa su a gida ɗaya, sai ƙofofi biyu sun raba su, kuma kejin ya kasance inda karen ba zai ma gan shi ba, domin zomo yana iya mutuwa da firgita ko ba a taɓa shi ba. Ki tuna akwai yaro ɗan shekara 4 da zai manta da rufe ƙofa.

Shingen bayan gida ya kai aƙalla mita ɗaya da rabi, kada a bar kwandon shara ko benci kusa da shi da zai taka. Ta ƙasa ma yake fita: a binne ragar waya mai zurfin kamar santimita 30 a gindin shingen, a lanƙwasa bakinta zuwa cikin fili. Haƙa ba za ki hana shi ba, gara ki ware masa kusurwa ɗaya da yashi, ki riƙa binne masa kayan wasa a ciki.

Yawo kuwa sa'a guda a kowace rana, a raba safe da yamma, kuma tafiya kaɗai ba ta isa. Yana bukatar jifan ƙwallo da wasan neman abinci da hanci. Ranar da ya rasa waɗannan, haushi da cizon takalma da yagar kujera ne za su biyo baya, a gidajen Ingila masu haɗe da bango kuwa maƙwabta ba sa ɗaukar haushi da wasa. A filin shaƙatawa ki riƙe shi da doguwar igiya ta mita 10 har sai ya saba da amsa kira. Da yawansu ba a taɓa sakinsu kusa da titi har tsufansu. Haka kuma yakan tsokani karnukan da suka ninka shi girma, musamman namiji da namiji.

Horo a yi shi gajere, minti biyar sau biyu ko uku a rana, da ɗan yankan kaza ko cuku a matsayin lada. Yana da saurin ganewa da saurin ƙosawa. Kika maimaita abu sau goma zai juya miki baya. Duka da tsawa taurin kai suke ƙara masa. 'Yar shekara 9 za ta ji daɗinsa sosai, har ta iya horar da shi da kanta. Ƙaramin ne abin lura: kada ya taɓa kare yana cin abinci ko yana barci, kada ya ƙwace masa abin da ke bakinsa, kuma kada a bar su biyu a ɗaki ba babba. Idan kare ya yi gurnani, kada a hukunta shi, gargaɗi ne. Wanda aka hana gurnani shi ke cizo ba sanarwa.

Maganar gashi gaskiya ce amma rabinta aka faɗa miki. Ba ya zuba sosai ne saboda mataccen gashin yana maƙale a fata, sai an tsige shi. Rufi biyu ne: na sama mai kauri da tauri, na ƙasa mai laushi. Ana barbaɗa garin alli don yatsu su kama, a ja fatar da hannu ɗaya, a kama 'yan silaye kaɗan tsakanin babban yatsa da wuƙar tsiga marar kaifi, a ja ta inda gashin ya kwanta. In gashin ya isa tsiga, ba ya jin zafi. In yana zabura, ko lokaci bai yi ba, ko kin kama da yawa. Ana yi wa jiki duka kamar bayan wata uku zuwa huɗu, ko kaɗan-kaɗan kowane mako. Aski da inji ya fi sauƙi da arha, ana yi bayan mako shida zuwa takwas, sai dai gashin zai yi laushi, baƙi da ruwan ƙasan su koɗe, kuma datti ya fi kama shi. Ga karen gida wannan ba laifi ba ne. Ko wanne kika zaɓa, taje shi sau biyu ko uku a mako, a goge gemun bayan cin abinci don yana wari. Kuma rashin zubar gashi ba ya nufin mai asma ya tsira, domin yawu da ɓawon fata ne ke tayar da ciwon.

Abinci kamar giram 130 zuwa 160 na busasshe a rana ga babba, a raba biyu, ki duba ma'aunin jikin buhu. Kada a ba shi ragowar tukunyarmu: albasa, tafarnuwa, inabi, zabibi da cakulan guba ne gare shi, dafaffen ƙashi kuma yana tsagewa ya huda hanji.

Cututtukan da ake gani a jinsin sun haɗa da ƙaiƙayin fata, gocewar ƙashin gwiwa, lalacewar kan ƙashin cinya a ƙuruciya, da gocewar madubin da ke cikin ƙwayar ido. Wannan na ƙarshe na gaggawa ne: ido ya yi ja, yana hawaye, yana rintse shi, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar. Ki nemi mai kiwon ya nuna miki sakamakon gwajin lafiyar iyayen kwikwiyon. Tun 2020 dokar Ingila ta hana dillalai sayar da kwikwiyo, sai daga mai kiwo ko gidan ceton dabbobi, don haka ki dage sai kin gan shi tare da uwarsa. Kada ki karɓi wanda bai kai mako takwas ba, kuma dole a riga an dasa masa na'urar shaida a ƙarƙashin fata.

A ganina, in duk manyan gidan kuna fita aiki a bar shi fiye da sa'a huɗu shi kaɗai, ko kuma babu yadda za a raba shi da zomon, ku dakata har ƙaramin ya kai shekara 7 ko 8. In akwai mai wuni a gida, ku fara tambayar gidajen ceto ko suna da babba wanda an riga an san halinsa da yara.