Amsa ga ƙanwata da ke neman kafa al'adun gida da daren hira da maigidanta

Salama a gare ki, ƙanwata. Kin ce shekararki shida da aure, yaranku uku, kuna zaune a ciki da falo a Kaduna tare da ƙanwar maigidanki, kuma kina so ki san yadda za ki kafa al'adun da yara za su tashi da su, da yadda ke da maigida za ku riƙa samun dare ɗaya naku ku biyu ba tare da kun fita cin abinci a waje ba, tunda aljihu ba zai ɗauka ba. Ni na girme ki nesa ba kusa ba, babbar 'yata ma tana ɗakinta, saboda haka zan gaya miki abin da ya ɗore a gidana da kuma abin da na gani a gidajen matan da muka daɗe tare a Zumuntar Mata.

Kada rashin kuɗin fita ya dame ki. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana mutum yawon dare, kuma mu da muka zauna a Kaduna ko Jos mun san yadda dokar hana fita takan sauka ba sallama. Abin da yake cinye lokacin ma'aurata a gidan Kirista, a nawa ganin, ya fi kuɗi wuyar magani, domin abu ne mai kyau da ba a iya kushe shi, wato hidimar ikkilisiya. Yau koyon waƙa, gobe nazarin Littafi Mai Tsarki, jibi taron addu'a, ga Zumuntar Mata, ga Zumuntar Maza, ga taron kwamiti, ga ziyarar marasa lafiya da gaisuwar rasuwa, ranar Asabar kuma ɗaurin aure, sai mako ya ƙare miji da mata ba su yi wata magana ba sai ta cefane. Sa'ad da aka zaɓi maigidana cikin dattawan ikkilisiya abin ya ƙaru, har ya zamana yara sun yi barci kafin ya dawo. Abin da ya taimake mu shi ne mun ɗauki jadawalin majami'a muka nemi daren da babu komai a cikinsa, wanda a wurinmu Litinin ce, muka ce wannan daren yana da mai shi. Duk wanda ya nemi a sa taro a ranar, maigida yakan ce masa yana da alkawari a gida, kuma gaskiya ya faɗa. Idan lamirinki ya soma damunki cewa kin fifita miji a kan aikin Allah, ki buɗe Maimaitawar Shari'a 24:5, inda aka ce sabon ango ba za a tura shi yaƙi ko a ɗora masa wani aiki ba har shekara guda, domin ya zauna a gida ya faranta wa matarsa rai. Wanda ya ba da shekara sukutum ba zai ƙi a ba da dare ɗaya a mako ba.

Matsala ta biyu ita ce kunya, kuma ban raina ta ba. Yawancinmu ba mu taɓa ganin iyayenmu suna cin abinci a kwano ɗaya ba. Baba yana ci da maza a waje, mama tana ci da yara a madafa, saboda haka zama da miji a falo ana dariya alhali ƙanwarsa tana gidan yakan yi nauyi. Kada ki ɓoye mata, domin ɓoyon ne yake haifar da zargi. Ki gaya mata a fili cewa daren kaza ke da yayanta kuna da zama, ki roƙe ta ta kwantar da yara da wuri, ki kuma tabbatar nata rabon na abin da kika dafa ya isa gare ta kafin kowa. Yarinyar da aka girmama haka takan zama mai tsaron ƙofa da kanta, kuma ita ma tana koyon abin da za ta kai gidanta.

Game da abin da za a yi a daren, ki sauƙaƙa. A gidanmu abincin yara yakan sauka da wuri, mu kuma mu jira da ɗan abin da ba a saba ci kullum ba: gwaten acca da zafinsa, ko soyayyen dankalin Turawa da ƙwai, ko tsire na ɗan kuɗi kaɗan da zoɓo mai sanyi, lokacin damina kuma gasasshiyar masara da gyaɗa sun wadatar. Idan an ɗauke wuta fitila mai caji ta isa. Muna da ka'ida ɗaya da muka riƙe da ƙarfi, ita ce ba a kawo maganar kuɗin makaranta, ko bashin haya, ko ƙorafin dangi a wannan zama. Waɗannan suna da ranarsu, mu mun ajiye musu ƙarshen wata in albashi ya shigo, a zauna da biro da takarda a cire zakka da baiko a raba sauran. Na ga mata da yawa sun kashe daren hirarsu da hannunsu saboda sun mai da shi kotu, sun tara laifuffukan mako suna jiran miji ya zauna, shi kuwa namiji in ya gane cewa tuhuma ce take jiransa, sai aikin ofis ya soma riƙe shi a wannan daren kaɗai. Waya ma a ajiye ta a ɗaki. Mukan buga ludo, wani lokaci ya koya mini dara irin wadda suka buga a ƙauyensu, wani lokaci mu fito da tsofaffin hotuna, amma abin da ya fi yi mini amfani shi ne tambayarsa labarin ƙuruciyarsa, domin a nan na san abubuwan da suke sa shi tsoro da waɗanda suke sa shi fushi, waɗanda ba zai taɓa faɗa ba in an tambaye shi kai tsaye.

Akwai wani abu da wasu za su yi mini gardama a kai: kada ki mai da wannan daren nazarin Littafi Mai Tsarki. Ku rufe da gajeriyar addu'a, kowa ya yi wa ɗan'uwansa, amma wa'azi yana da wurinsa. Haka kuma kada ki gabatar wa maigida da shi kamar wani shiri mai suna da dokoki, musamman in shi mutum ne da yake ganin irin wannan al'adar Turawa ce. Ki dafa, ki kwantar da yara, ki ce masa yau kina so ki ci tare da shi. In aka maimaita makonni kaɗan, shi ne zai soma tambaya in ya ga ba a shirya ba.

Al'adun iyali kuwa, tushensu sujadar gida ce, kuma abin da yake kashe ta shi ne tsawo. Yaro ɗan shekara huɗu ba zai zauna awa guda ba. Waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, ayoyi kaɗan, addu'a gajere, an gama cikin minti goma sha biyar. Ki bar yara su riƙa zaɓen waƙar bi da bi, wanda ya iya karatu kuma ya karanta ayar ko da yana tuntuɓe, kada a yi masa dariya. Ina ba ki shawara ku riƙa karantawa da Hausa ko da yaranku Turanci suke yi a makaranta, domin tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, da shi kakanninsu suka yi sujada, kuma yaron da ya iya waƙoƙin nan ba ya zama baƙo in an kai shi majami'ar ƙauye. In kuna da yarenku na gida, ku sa Addu'ar Ubangiji ko wata waƙa ɗaya da shi. Gidaje da yawa sun fara sujadar gida a lokacin kullen korona na 2020 da aka rufe majami'u, sai suka saki da aka buɗe, kuma waɗanda na ga sun riƙe su ne waɗanda suka ɗaura ta a kan abincin dare, ana gama ci ana farawa kafin kowa ya watse.

Al'adar da 'ya'yana suka fi ambata yanzu da suka girma ita ce littafin godiya. Wani ɗan littafin rubutu ne na makaranta da muke ajiyewa a falo, duk abin alherin da ya faru a rubuta shi da kwanan wata: yaro ya warke daga zazzaɓi, an biya haya, an dawo daga tafiya lafiya, an ci jarrabawa. Ranar 31 ga Disamba, kafin mu tafi sujadar shiga sabuwar shekara, sai a zauna a karanta shi daga farko, kuma kullum akwai abin da kowa ya riga ya manta. Na ɗauko tunanin ne daga Joshuwa sura 4, inda aka ɗebo duwatsu goma sha biyu daga Kogin Urdun aka kafa a Gilgal domin in yara suka tambayi ma'anarsu a ba su labari. Daren Asabar kuma na tatsuniya ne da kacici-kacici, Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa hana yaro zama Kirista ba. Ranar Kirsimeti yara ne suke kai shinkafa da cincin gidajen maƙwabtanmu Musulmi, da naman da aka yanka yadda za su iya ci, su ma da Babbar Sallah nasu yaran suke kawo mana, kuma na fi so a ce yaro ya san ƙofar maƙwabcinsa ta wannan hanya tun yana ƙarami. Ranar haihuwar kowane yaro ba ma yin biki, babansa ne yake ɗora masa hannu ya sa masa albarka da safe, a kuma dafa abincin da ya fi so.

Kada ki fara dukan waɗannan a wata ɗaya. Ki ɗauki sujadar gida da daren hira, sauran su biyo baya in waɗannan sun zauna. Za su tsinke wani lokaci, saboda rashin lafiya ko baƙi ko saɓani, kuma in saɓani ne ya faɗo a daren, ni dai nakan dafa in ajiye kamar kullum, domin sau da yawa a kan wannan kwanon ake shiryawa. Amma in abin da yake tsakaninku ya kai ga duka, ko hana abinci, ko neman mata, to wannan ya wuce hira, ki nemi fastonku da matarsa ko dattawan da suka tsaya muku a ɗaurin aure. Kin kuma ambata cewa autanki yana shan nono kuma ba ya barci da wuri. Ki goya shi ku zauna da shi haka nan har ya yi barci a bayanki, in kuma dare ya gagara gaba ɗaya a wannan lokacin, ku mai da zaman zuwa yammacin Lahadi bayan an taso daga majami'a, sa'ad da manyan suke wasa a waje, har a yaye shi.