Amsa ga 'yar'uwar da ke son saka Mickey Mouse a littafinta na yara

Salamu alaikum 'yar'uwa. Wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, don kamar ni ce na rubuta ta da hannuna a farkon 2024. Kin ce kin ji Mickey Mouse, ɓeran katun ɗin nan na kamfanin Disney, ya zama na kowa, kina son saka shi a littafin yara da kike haɗawa da Hausa ki buga ki kuma sa a intanet, ko akwai matsala. Dan Allah kar ki biya mai zane ko sisi sai kin gama karanta wannan.

Eh gaskiya ne ya fita daga ƙarƙashin haƙƙin mallaka, amma ba wanda yaranmu ke gani a jikin jakar makaranta ba. Wanda ya fita ran 1 ga Janairu 2024 shi ne na 1928, na cikin fim ɗin katun mai suna Steamboat Willie, baƙi da fari ne, siriri, idonsa ɗigo biyu ne baƙaƙe kawai, ko safar hannu babu. Dokar Amurka ce ta ba tsofaffin ayyuka irin wannan shekara 95, to duk shekara abin da ya cika 95 ɗin ne ke fita, ba a sakin ɗan wasan gaba ɗaya rana guda. Safar hannun nan a 1929 ta zo shi yasa sai 2025 ta fita, idon nan mai fari da ƙwaya a ciki kuwa sai wajen 1939 aka yi masa, kinga da sauran jira.

Ni duk ban san wannan ba lokacin. Wani mai zane aka haɗa ni da shi, na ce masa ga abin da na ji, ya ce ai Hajiya kin makara ma, kowa yi yake, ɓeran ya zama gayya. Na tambaye shi sau uku, sau ukun yana rantsuwa ya bincika. Kuɗin adashina na kwasa gaba ɗaya na ƙara da na wata sarƙa da mahaifiyata ta ba ni, na biya shi rabi kafin ya fara rabi da ya gama, ya zana min shafi 24 da ɓeran nan na zamani, jan wando, takalmi ruwan ɗorawa, farar safa, komai da komai, ni kuma ina ta murna ina tura wa dangi. Na buga kwafi 500. Na ɗora a wani shafin sayar da littattafai saboda 'yan uwanmu da ke waje, kwana tara aka sauke littafin aka rufe min asusu, har da littattafaina biyu da ba ruwansu da maganar. Ranar ina kicin ina tuƙa tuwo saƙon ya shigo, na karanta ban gane ba sai da 'yata ta sake karanta min a hankali, na zauna a ƙasa tuwon ya ƙone ban ma ji ƙaurinsa ba. Ban ga laifin masu shafin ba, doka suka bi. Shi ne ya cuce ni. Na kira shi ya ce yana kan hanya zai kira, ya kashe waya. Na je shagonsa sau huɗu, na biyar ɗin na same shi yana cin abinci, ko kunya babu ya ce ai shi zane aka ce ya yi ba lauya ba ne. Mutumin da ya rantse min! Abin da ya fi min ciwo ma ba kuɗin ba, sarƙar ce, har yau ban iya gaya wa Inna inda ta tafi ba, duk sallah sai ta tambaye ni me yasa ban saka ba. Na bar shi da Allah, amma in na ce na yafe na yi ƙarya.

To ki kula da wani abu kuma, ko na 1928 ɗin kika ɗauka, sunan da siffar har yanzu tambarin kasuwancin Disney ne, shi kuma tambari ba ya tsufa muddin ana amfani da shi. Kar bangon littafinki ya sa mai saye ya zaci su suka buga. Haka Winnie the Pooh, wani ɗan wasan labaran yara, littafin 1926 ya fita a 2022, amma jar rigar nan ba ta cikin zanen asali, daga baya aka ƙara ta, abokinsa Tigger ma sai da ya jira 2024 don a littafin 1928 ya fara fitowa. Kuma ki riƙa tambayar wace ƙasa ake magana. Tintin, wani yaro na littattafan zane, ya fita a Amurka a 2025, amma a Turai yana nan ɗaure don Hergé da ya zana shi ya rasu ne a 1983, su kuma shekara 70 suke ƙirgawa bayan mutuwar mai abu. Mu ma a Najeriya rubutaccen aiki shekara 70 ne bayan rasuwar marubuci, saboda haka in kin ji an ce abu ya zama na kowa, yawanci labarin Amurka ake ba ki, ke kuma a nan za ki buga, littafin intanet kuwa ko'ina yake shiga.

Kuma kar ki ce wa zai kula da ƙaramin littafin Hausa, ni ma haka na ce. Masu gadon Conan Doyle, marubucin labaran ɗan binciken nan Sherlock Holmes, mutumin da ya rasu tun 1930, sun kai Netflix ƙara a 2020 kan fim ɗin Enola Holmes, wai tausayi da sanyin halin da aka ba Sherlock Holmes a labaran ƙarshe ya samo su, waɗannan kuma ba su fita ba sai 2023. Ki duba fa, a kan halin mutumin da bai taɓa rayuwa ba aka je kotu.

Wani abu da ke ƙona min rai, muna tsoron na Turawa amma namu muna wawushe shi kamar ba shi da mai shi. Kwanaki na ga ana yawo da Magana Jari Ce a waya ana sayarwa, wani har cewa yake ai tsohon littafi ne. Abubakar Imam a 1981 ya rasu, ki ƙara 70 ki gani, sai bayan 2051. Su Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja da akun nan waziri duk da sauran jira. Mu da muke kuka kullum ana kwafe mana littafi ana rabawa a guruf ba izini bai kamata a same mu muna yi wa magabatanmu ba.

Ni dai bayan na share hawayena Gizo na koma. Na zauna da Inna dare uku tana ba ni tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da Botorami ina ɗauka a waya, na sami wata yarinya mai zane ta zana min shi yadda na ga dama, da 'yar hularsa da ƙaton ciki, muka rubuta yarjejeniya a takarda da shaidu biyu cewa zanen nawa ne in na gama biya. Ko a nan ki sani dokarmu tana da sashe kan kayan gargajiya, in kasuwanci za ki yi da su ki leƙa ofishin hukumar kare haƙƙin mallaka ki tambaya, kar ki dogara da maganar kowa har ni. In kuma na waje kike so akwai su Ali Baba da Sinbad na Dare Dubu da Ɗaya, sun daɗe da zama na kowa, sai dai ki ba da labarin da bakinki kar ki kwafi fassarar wani, kar kuma ki zana shuɗin aljanin nan na katun ɗin Aladdin na 1992.

In har ranki na kan ɓeran nan ne, ki sa mai zanen ya buɗe fim ɗin 1928 a gabanki ya zana daga shi, ki biya shi shafi shafi, ki nuna wa lauya bangon kafin a kai maɗaba'a. Ki turo min samfurin ta akwati in duba miki in sha Allah. Kwalayen nawa suna nan ƙarƙashin gado, na kasa sayarwa na kasa ƙonawa, in kina so in ɗauko ɗaya in yi miki hoto ki ga ainihin wanda ba a taɓawa.