Python ko C++? Amsa ga ƙanenmu mai son koyon kodin don lissafin kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na karanci akanta a Jami'ar Ɗanfodiyo, na iya Excel daidai gwargwado, yanzu ina son koyon yaren kodin don gina model na kuɗi. Wani ya ce Python, wani ya ce in ba C++ ba ɓata lokaci ne, ga kuma wani mai kos a WhatsApp da ya ce in na biya zai koya min haɗa bot mai hango farashin dala da kirifto. Alawus ɗina na bautar ƙasa na tara, ina tsoron in zuba shi inda bai dace ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da Python, kuma kar ka saki Excel ɗinka, don shugaban banki ko na kamfani a Excel zai nemi ganin aikinka. Python kyauta ne, tsohuwar laptop ma tana ɗaukarsa, kuma pandas, kayan aikin Python na sarrafa jadawalin bayanai da za ka fi amfani da shi, a kamfanin zuba jari aka haife shi, Wes McKinney ya fara rubuta shi a 2008 yana aiki a kamfanin AQR. Ita kanta Microsoft ta saka Python cikin Excel a 2023. In hannunka ya faɗa sai ka ƙara da yaren SQL don ciro bayanai daga ma'ajiyarsu. C++ na masu cinikin da ake auna shi da ƙasa da daƙiƙa ne a manyan kasuwanni, ba can za ka fara ba. Yaren R kuma yana da kyau in bincike za ka yi a jami'a.

To amma maganar mai kos ɗin nan ce ta fi damuna, don wallahi kullum sai an kawo min irinta. Model na kuɗi ba duba ba ne. Abin da kake zato kake rubutawa a fili, kwamfuta ta lissafa maka abin da zai biyo baya in zaton naka ya tabbata, da kuma in bai tabbata ba. Ɗauki ɗan kasuwar da ke sayen albasa a Goronyo ko Wurno lokacin kaka ya ajiye sai ta yi tsada. Za ka saka kuɗin buhu, kuɗin mota, ladan masu lodi, kason da zai ruɓe a ajiya, sai farashin da ake sa rai. Daga nan ka ce to in ruɓewar ta ninka fa, in aka rufe bodar Illela kamar yadda aka yi a 2023 fa, a wane farashi ne uwar kuɗi za ta fara zubewa? Python zai juya maka wannan sau dubu goma cikin ɗan lokaci, amma bai san farashin albasa na watan gobe ba, kuma ba wanda ya sani sai Allah.

Dabarar masu sayar da bot ɗaya ce, su ɗauki farashin shekarun baya su yi ta murɗa lambobi har sai layin riba ya miƙe sama, su ɗauki hotonsa su turo maka. Ai jarrabawar da ka riga ka ga amsarta ce. Ka sa shi a kan farashin da bai taɓa gani ba, ka cire kuɗin dillali, sai ka ga ya zube. Wanda ya horar da bot kan farashin dala na kafin watan Yunin 2023, me bot ɗin ya sani ranar da CBN ya saki naira kasuwa ta yanke mata farashi? Kuma in da gaske yana da injin buga riba, me ya kai shi bin alawus ɗin ɗan bautar ƙasa? Mun ga MMM a 2016 da alƙawarin kashi 30 a wata, mun ga CBEX a watan Afrilun 2025 da sunan AI ke yi musu ciniki, mutane suka sayar da filaye, mata suka sayar da zinarensu, duka biyun suka rushe da kuɗin jama'a. Abin da ke ƙona min rai shi ne yaranmu masu digiri, waɗanda ya kamata su tsawatar, su ne ake sawa gaba suna jawo iyaye da dangi, alhali dukiyar mutane amana ce da za a tambaye ka a kanta.

Ko manya ma lissafi na kayar da su. A 2012 JPMorgan ta yi asarar sama da dala biliyan 6 a reshenta na Landan, binciken bankin ya gano model ɗin auna haɗari ana ta kwafe lambobi da hannu tsakanin shafukan Excel, har wani wuri an raba da jimilla maimakon matsakaici.

Saboda haka riƙe kuɗinka, ka sayi datar intanet da su. Sauke rahoton shekara na wani kamfani da ke kasuwar hannun jari ta NGX, ka gina lissafinsa na riba, kadarori da shige da ficen kuɗi a Excel, sannan ka sake gina shi a Python har lambobin biyu su zo daidai. Inda suka saɓa ka zauna ka gano dalili kafin ka wuce gaba. Allah ya ba da sa'a.