Amsa ga mai riƙon marayu uku: ina ake samun tallafi a Zariya?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mata na wannan zaure, barkanmu da yamma. Muryar nan za ta ɗan yi tsawo, wadda datarta ta yi ƙasa ta bari sai dare.

Ƙanwata da kika turo tambaya jiya, na saurare ki. Allah ya jiƙan yayarki, ya jiƙan mijinta, ya raya abin da suka bari. Ga waɗanda ba su ji ba, cewa ta yi yayarta ta rasu, mijin dama ya riga ta, yara uku suka dawo hannunta: yarinya da za ta shiga sakandare, yaro ɗan firamare, sai ƙaramar da ko yaye ta ba a yi ba. Ta ga wani bidiyo wai a Ingila gwamnati na biyan masu riƙon yara, shi ne take tambaya ko akwai irin wannan a nan, kuma ina za ta nufa.

To bidiyon bai yi ƙarya ba. A Ingila wanda hukuma ta tantance ta ba shi riƙo ana ba shi kuɗin kula da yaron duk mako, ana haɗa shi da ma'aikacin da zai riƙa leƙo shi, ana ba shi horo, har akwai tsarin da wani gida zai karɓi yaron na 'yan kwanaki don mai riƙon ta huta. Wannan can ne. A nan babu ofishin da za ki je ki ce ni mai riƙo ce a sa ki a albashi. Gara ki ji daga bakina, kada ki ƙarar da kuɗin Keke kina zagaye. Amma ba a ce babu komai ba. Akwai taimako, sai dai a warwatse yake, kuma kusan duka da sunan yaron ake bayarwa, ba da sunanki ba. Shi ya sa takardun yaran su ne aikinki na farko.

Kowane ɗaya ya samu takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ba katin awo ba, ba katin rigakafi ba, ainihin takardar hukumar. Sannan a yi musu NIN, har jaririyar ana yi mata. Babbar ma ki gaggauta, don tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma shekara shida kamar gobe ce. Ki nemi takardar shaidar rasuwar uwa da ta uba ki adana. Wajen rubuta suna kuwa, don Allah sunan mahaifinsu za a sa, ba na maigidanki ba. Na san tausayi ke sa mutane yin haka, wai kada yaro ya ji shi bare ne. Alƙur'ani ya hana, aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Ko ta fuskar duniya ma cutarsu za a yi, don ranar da aka zo karɓar haƙƙin mahaifinsu sunan ba zai dace da na fayil ba.

Yauwa, na zo inda na fi so ki buɗe kunne. Kin ce mahaifinsu ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin makarantun tarayyar nan na garinmu. To tallafi mafi girma da yaran nan ke da shi ba sadakar kowa ba ce, guminsa ne. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci yana da asusun ajiyar fansho a kamfanin da ya zaɓa, in ya rasu abin da ke ciki na magadansa ne. Bayan wannan, dokar ta wajabta wa wurin aikinsa ya yi masa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na abin da yake samu a shekara ba. Ninki uku fa! Iyalai da yawa na farkon kawai suka sani, na biyun ba su taɓa ji ba. Ki tambaya, an karɓa? Wa ya karɓa? Don wanda mamaci ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa ba shi ne mai dukiya ba, wakili ne kawai da za a nema. Kamfanonin fansho da bankuna sukan nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu, rabon gado kuma a kotun shari'ar Musulunci ake yi, alƙali ya fitar da kason kowane yaro, a san hannun da aka damƙa wa.

Na san abin da za ki ce: Yaya, in na tayar da maganar nan dangin uba za su ce don dukiya na ɗauki yaran. Za su iya faɗa. Amma kunyar nan ita ta sa marayu da yawa ke yawo ba takalmi alhali gidan ubansu na Samaru ko Tudun Wada wani baffa ke karɓar hayarsa. Kada ki je da faɗa. Ki sa maigidanki ya samu babban gidan su zauna, da liman ko mai unguwa a wurin, a rubuta abin da aka bari, a rubuta nawa za a riƙa fitarwa duk wata don ci da makaranta da magani. In abin ya ƙi, akwai lauyoyin kyauta. Akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA a Kaduna, ga kuma ofishin ba da shawarar shari'a kyauta na tsangayar lauyoyi ta ABU a nan Kongo, ƙofar gida.

Ki kuma san matsayinki. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, renon yaro in babu uwa kakarsa ta wajen uwa ke bi, ƙanwar uwa ko yayarta kuma tana gaba da dangin uba. Ke ba alfarma aka yi miki ba. Amma reno daban, kula da dukiya daban, wannan na wasiyyi ne ko wanda alƙali ya naɗa. Ciyar da maraya daga dukiyarsa ake yi in yana da ita. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i har ta ba mai kula da dukiyar izini, in matalauci ne, ya ci gwargwadon abin da ya dace, in mawadaci ne ya kame, ranar miƙa musu kuma a kafa shaidu. Aya ta 10 kuwa kowa ya san ta, wuta ce a ciki. Don haka in kuɗinsu ya fara zuwa hannunki, ki sayi littafi ɗan ƙarami ki riƙa rubutawa, ko sabulu kika saya. Ba don wani ya zarge ki ba yau, don wata rana za su girma, kuma za a samu mai hure musu kunne.

To sai ɓangaren gwamnati. Jihar Kaduna na da dokar kula da yara da kare su ta 2018, ita ce tamu, ta tarayya kuma ta 2003 ce. Ma'aikatar da ke kula da wannan tana Kaduna, amma ke ba sai kin je Kaduna ba, ofishin walfiya na ƙaramar hukumarku za ki fara, Zariya ko Sabon Gari, duk inda kike. Ki je da takardun da na lissafa da wasiƙar mai unguwa, ki ce a buɗe wa yaran fayil. Ba za su ba ki kuɗi ba, kada ki sa rai. Amfanin shi ne hukuma ta san yaran suna hannunki, su ne masu rubuta miki wasiƙa zuwa makaranta ko asibiti, su ne ke shiga tsakani in rigima ta taso, kuma in wata ƙungiya ta zo neman sunayen marayu nan take fara tambaya. Wata ta tambaya a ƙasan muryarki ko haka ake yi in mutum na son ɗauko yaro daga gidan marayu. A'a Hajiya, wannan hanya ce daban, sai da bincike da umarnin kotu. A zamanin da Hajiya Hafsat Baba ke kwamishina ma gwamnati ta taɓa dakatar da bayar da yaran gaba ɗaya saboda an gano ana cinikinsu. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya samo miki jariri, ki gudu.

Lafiya. Ki kai ƙaramar asibitin shan-magani na mazaɓarku, jihar ta ware guda a kowace mazaɓa cikin 255. Rigakafi kyauta ne. Jaririyar da ta rasa nono farat ɗaya ita ce tamowa ta fi saurin kamawa, a riƙa auna ta, in ta fara ramewa kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A nan kuma za ki tambayi mai kula da asibitin yaushe ake rajistar marasa ƙarfi a inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA. Gurbin ba ya da yawa, ba kullum ake buɗewa ba, wanda ke leƙawa shi ke dacewa. In ciwo ya fi ƙarfinsu ga asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga asibitin koyarwa na ABU da ke Shika. Kuma a Shika akwai sashen walwalar marasa lafiya, in kuɗi ya gagara ki nemi ganinsu kafin ki sayar da kayan ɗaki. Na ambaci Gambo Sawaba, Allah ya jiƙanta, matasa siyasarta kawai suka sani, amma manyanmu za su gaya miki gidanta bai rabu da 'ya'yan riƙo ba har ta bar duniya a 2001.

Makaranta ba sai na ja ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. Abin da ke cin kuɗi yunifom ne da littattafai da 'yan ƙananan karɓe-karɓe, ki samu shugaban makaranta ido da ido ki gaya masa marayu ne. Ita babbar kuma ki tambaya ko makarantarsu na cikin shirin AGILE na Bankin Duniya, Kaduna na cikin jihohin farko da aka fara da su, ana tallafa wa 'yan mata na gidaje marasa ƙarfi su ci gaba da sakandare, ta makaranta ake bi. In tana Islamiyya, yawancinsu suna yafe wa maraya kuɗin wata, amma sai an faɗa.

A gaskiya, abin da na ga ya fi isa hannun mutane shi ne na masallaci da ƙungiyoyi. Izala na da kwamitin marayu, sun fi rabo da azumi, kayan abinci da ɗinkin sallah. Akwai ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, akwai kwamitocin zakka. Ki kai sunayen tun watan Rajab ko Sha'aban, in kika bari aka ga wata an riga an rufe. Zakka kuma ba don maraici ake bayarwa ba, don talauci ne, maraya mai dukiya ba ya ci, amma ke kanki in nauyi ya danne ki kin cancanta, ba abin kunya ba ne. Roƙona ɗaya, kada ki yarda a jera yaran nan a ɗauke su hoto da buhun shinkafa a watsa a Facebook. Yarinya mai shiga sakandare ta san ciwon kanta, ƙawayenta za su gani. Haka nan saƙonnin da ake turowa zauruka wai tallafin marayu, danna nan ka sa BVN, ɓarayi ne. Rajistar marasa galihu ta gwamnati a unguwa ake yin ta, jama'a ke tantance gidajen.

Kin ce yaron ya daina magana sosai, ya koma fitsarin kwance. Kada a doke shi, kada a bar sauran yara su yi masa waƙa. Rashin uwa ne ke fita ta nan. A riƙa ambaton iyayensa a gabansa, a kai shi gidan kakanni, kada a raba shi da 'yan'uwansa in da hali. In aka ɗauki watanni bai sauya ba, likitocin yara da na ƙwaƙwalwa a Shika suna duba irin wannan, ba sai mahaukaci ake kaiwa ba. Ita kuma babbar, kada ta zama 'yar aikin gida ko a ɗora mata talla, yadda kika raba wa naki aiki haka za ki raba mata. Ki tuna 'ya'yanki maza ba muharramanta ba ne, a gyara wurin kwana tun yanzu. Ƙaramar kuwa, tunda kin ce kina goyo, in kika shayar da ita kafin ta cika shekara biyu ta zama 'yarki ta nono, 'ya'yanki sun zama 'yan'uwanta, maigida ya zama ubanta. Sai a sanar da dangi kowa ya shaida, saboda maganar aure nan gaba.

Ke ma mutum ce, ƙanwata. Hutun da ake ba masu riƙo a Ingila, mu a dangi za ki neme shi. Ki raba nauyin da suna: kawu wane kuɗin makarantar yaro, gwaggo wance ta ɗauke su hutun ƙarshen zango, wane kuma magani. In kika ce a taimaka kawai, kowa zai ce Allah ya ba da lada ya wuce. Maigida kuma a riƙa gode masa, shari'a ba ta ɗora masa ciyar da su ba, alheri yake yi.

Admin, ina ganin cikinmu masu riƙo sun fi biyar. Ki tattara sunayensu ta bayan fage, ba a zaure ba, mu sa rana mu je ofishin walfiya tare, sun fi sauraron jama'a. Ke kuma ki fara da takardun haihuwar nan ranar Litinin, in an samu matsala ki kira ni bayan Isha. Sai an jima.