Amsa ga ƙanwata mai tambayar ragaya (muryar da aka rubuta)

Assalamu alaikum 'yan uwa, ina wuninku. Ƙanwata da ta turo hoton tukunyar fure a rataye tana tambaya ko ana iya saƙa abin ratayarta a gida, wallahi ana iyawa. Ai ragaya ce, irin wadda kakanninmu ke rataya ƙwaryar nono da kwanon miya a tsakar ɗaki saboda ɓera da kyanwa.

Ki yanko igiya 4, kowace kamar gaba biyu, wajen mita 3 ke nan. Ki zura su cikin zoben ƙarfe, ki ninka biyu, sun zama 8. Ki ɗaure su gaba ɗaya a ƙarƙashin zoben. Sai ki raba su bibbiyu, ki sauko kamar kamu ɗaya ki ƙulla kowane biyu. To nan ne mutane ke ɓata aiki. Ƙullin nan huɗu dole su zo kai ɗaya, in ɗaya ya ɗara, tukunya karkacewa za ta yi, ƙasa ta zube. Shi ya sa nake rataya zoben a ƙusa, ina aikin a tsaye ina gani.

Daga nan ki sauko ɗani ɗaya, ki ɗauki igiya guda daga wannan biyun ki haɗa ta da ta maƙwabciya, ki zagaye haka, shi ke fitar da raga. Ki ƙara sahu ɗaya, sannan ki tattara duka ki yi babban ƙulli a gindi. Kafin ki tsuke shi, ki sa tukunyar ki gwada.

Batun igiya kuwa, ni dai ta rama nake so ga albasa da ƙwarya, ba ta santsi, ƙulli yana kamawa. Amma ga fure ki sayi ta nailan, don ruwan da ake ba furen yana ruɓar da rama. Na taɓa asarar tukunya a haka, sai ƙararta kawai na ji da asuba. Nailan ɗin ki ɗan ƙona bakinsa da ashana kada ya warware.

Don Allah kada ki maƙala a silin, jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyi, ki nemi azara ko ƙugiya mai ƙarfi. In abinci za ki sa, ki huda sakaina ki kifa ta a saman igiyar, ɓera in ya biyo sai ya zame. In kin gama ki turo hoto mu gani.