Girandin ɗin kamshaf zai ƙara wa motata ƙarfi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Camry ƙirar 2005 mai injin 2.4. Kwanan nan ta yi sanyi, in na ɗauki hanyar Zariya da mutane a ciki sai in take totur tana ta nishi. Abokina ya ce in cire kamshaf in kai Panteka a yi masa girandin, wai haka masu tseren mota suke yi. Gaskiya ne? Ka ba ni shawara in yi? Daga wani mai karatu a Badarawa, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka bai yi ƙarya ba, ana yin girandin, wato a zaftare ƙarfen kamshaf a sake masa siffa. Sai dai maganin da ya rubuta maka ba na ciwon motarka ba ne.

Kamshaf sandar ƙarfe ce mai ƙulle-ƙulle, kowane ƙulli kamar ƙwai: gindi zagayayye, kai mai tsini. In karanshaf, wato babbar sandar da fistin ke juya ta, ya juya sau biyu, shi sau ɗaya yake juyawa, tsinin nan kuma shi ke danna bawul ya buɗe, iska da mai su shiga, hayaƙi ya fita. Siffar ƙullin ce ke yanke yawan buɗewar bawul da kuma daɗewar da zai yi a buɗe.

Mutane kan yi mamakin yadda rage ƙarfe zai ƙara buɗewa. Ai ba tsinin ake ci ba, gindin ake ci. In aka zaftare milimita 1 daga gindi aka bar tsini yadda yake, tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru da milimita 1, bawul zai ƙara nutsewa ke nan. To amma wancan milimita 1 ya zama giɓi tsakanin ƙulli da tafet, wato ƙarfen da ke tsakanin ƙulli da bawul, alhali giɓin da ake bari bai kai rabin milimita ba. A tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kakuri, wannan ba wani abu ba ne, bakanike zai sa sukundireba da sifana ya sake saitin tafet. Injinka ba shi da irin wannan notin saiti. Tafet ɗinsa kamar ƙaramin kofi ne da aka kifa a kan bawul, kowanne da kaurinsa, guda 16. Sai ka nemo masu kaurin da ya dace ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba injin ya riƙa ƙara kamar keken ɗinki.

Sannan taurin kamshaf a fatarsa yake. In dutsen girandin ya wuce wannan fata ba a sake gasa ƙarfen ba, ƙullin zai sheme cikin ɗan lokaci, garin ƙarfen kuma ya bi baƙin mai ya zaga ko'ina. Na taɓa kwance injin da aka yi wa irin wannan aiki: ƙulli biyu sun kusa zama zagayayyu, in ka murza man a yatsa sai ka ga yana ƙyalli. Ba na raina hannun mutanen Panteka, amma na'urar girandin ɗin karanshaf daban, ta kamshaf daban, domin ita tana bin wani samfurin ƙulli ne tana kwafar siffarsa. Duk wanda ya ce zai yi maka da ido, karɓe kayanka.

A ce ma an yi aikin daidai. Bawul da ke daɗewa a buɗe ƙarfinsa a sama yake, inda inji ke kururuwa, a ƙasa kuwa ragewa yake yi. Mai tsere ba ruwansa, can sama yake zama. Kai kuwa da za ka tsaya ka tashi a cunkoson Kawo, silo zai riƙa rawa, mai ya ƙara zurarewa, birki ma yana iya yin tauri, tunda zuƙar iskar inji ce ke taimaka masa. Ga sifirin ɗin bawul da za a duba, ga tazarar bawul da fistin kada su yi karo, ga kwamfutar mota da sai an sake mata saiti. Wannan ja-in-ja ce ta sa Honda ta fito da VTEC a 1989, ƙulli iri biyu a sanda ɗaya, na ƙasa da na sama. Injinka ma yana da VVT-i, wanda ke matsar da lokacin buɗe bawul da kansa.

Ka ce motar da tana ja, yanzu ta daina. Ke nan wani abu ne ya lalace, ba ƙirar Toyota ce ta gaza ba. A fara da gwajin matsin silinda huɗun nan, a ga ko ringi ko bawul na zubar da ƙarfi. A duba filogi, matatar iska da famfon mai. A duba katalis ɗin salansa, wato matatar hayaƙi, domin in ya toshe daidai wannan nishin kake ji a hawa. VVT-i kuma da matsin baƙin mai yake aiki, dattin mai kan toshe 'yar matatarsa. In kuma a cikin binciken aka tarar ƙullin kamshaf ɗin ya cinye, ka sayi na Beljiyam mai lafiya, ka sa a auna kowane ƙulli a gabanka kafin ka biya.