Saƙa da maguna a hidimar ƙarshen shekara: amsata ga 'yar uwar da ta yi tambaya

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Na karanta tambayarki. Kin ce kina saƙar hannu da ta inji a gida, odar rigunan sanyi ta taru miki ga Disamba ta kama, yara sun samu hutu, ga bikin ƙanwar maigida a gaba, sannan magunanki biyu sun hana zare sakat, har Hajiya ta ce a kyautar da su kafin baƙi su fara sauka. Kina neman wadda ta taɓa haɗa saƙa da kiwon mage ta gaya miki ko suna haɗuwa.

Suna haɗuwa. Ni a Jos nake, saƙa ce sana'ata tun ina budurwa, kuma gidanmu bai taɓa rabuwa da mage ba. Amma kafin maganar zaren da suke ɓata miki, bari in fara da abin da ban ga kin ambata ba, don shi ya fi tayar mini da hankali: zaren nan yana iya kashe miki mage.

Harshen mage kaushi gare shi, kin sani in ta lashe ki. Kaushin nan 'yan ƙayoyi ne da suka kwanta suna kallon maƙogwaro, shi ya sa in bakin zare ya shiga bakinta ba ta iya tofar da shi, sai dai ta yi ta haɗiya. Sau da yawa gefe ɗaya yakan naɗe a ƙarƙashin harshe, sauran ya wuce ciki. Hanji yana ta ƙoƙarin tura shi gaba, shi kuma yana ɗaure a sama, sai hanjin ya tattare a jikinsa kamar yadda ƙugun wando ke tattarewa in an ja tazuge, daga nan zaren ya fara yanka shi. Alamar ita ce amai a kai a kai, ƙin cin abinci, ta laɓe wuri ɗaya, in kin taɓa cikinta ta yi ƙara. Idan kika ga zare yana leƙowa ta bakinta ko ta wajen kashi, don Allah kada ki ja. Jan nan shi ke ƙarasa yanka hanjin. Ki hana ta wasa da shi, ki kai ta wurin likitan dabbobi a ranar, domin galibi sai an yi mata aiki. Na ga wannan a gidan maƙwabciyata, 'yar mage ce mai ƙuruciya ta haɗiyi zaren ɗinki har da allurarsa, kuma aka tsaya ana cewa sanyi ne ya kama ta.

Kada kuma a ba ta farasitamol da sunan rage mata zafi. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta isa ta halaka ta. Ki nemi lambar wani likitan dabbobi tun yanzu ki ajiye a waya, ba a fafe gora ranar tafiya, ga shi ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu hutu ne, wurare da yawa a rufe suke. Mu nan muna da Vom kusa da mu, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa take tun 1924, na Zariya kuma suna da asibitin koyarwa na dabbobi a jami'ar Ahmadu Bello. Ki tambaya a garinku, ba za a rasa ba.

To yanzu ga yadda nake zama da su. Dunƙulen zaren da nake aiki da shi ba ya zama a fili. Bokitin fenti mai murfi nake wankewa tas, in huda murfin da ƙusa mai zafi, in goge bakin hudar ya yi santsi don kada ya ci zaren, in jefa dunƙulen ciki in zaro bakinsa ta hudar. Abin da ke haukata mage shi ne ta ga dunƙule yana birgima a ƙasa. In ba ta gani ba, rabin fitinar ta tafi. In kala biyu nake haɗawa, huda biyu nake yi, in raba dunƙulen da kwali a tsakiya. Zaren ajiya kuma, wanda na saro da yawa tun kafin ya yi tsada, a durowa yake ko cikin roba mai murfi. Jakar bakko ba ta tsare komai, farce ɗaya ya isa ya ɓarka ta, kuma suna son kwanciya a kai.

Babban haɗari ba a dunƙule yake ba, a gutsattsarin da kike yankewa ne lokacin haɗa riga da ɓoye bakin zare. A irin wannan wata da ake gama riga bayan riga, tsakar ɗaki cika take yi da su. Ina da gwangwanin madara da na tsaga murfinsa, duk abin da almakashi ya yanke nan take yake shiga ciki, ba na cewa sai na tashi in share. Allurar haɗi ma ba na barin ta da zare a jiki in zan tashi ko da salla zan yi. Tunda yara suna gida, ki sa su cikin wannan aiki, ki ba ƙaramar cikinsu riƙon gwangwanin. Ki kuma gaya musu a fili cewa ba a wasa da mage da zare. Yara na son su ja zare a ƙasa tana bi, in sun gaji su yar su tafi, ita kuma ta zauna ta haɗiye. Su ɗaura tsumma mai kauri a kan sanda su yi mata wasan da shi, in an gama a ɗaga sandar.

Inji kuwa a rufe shi. Wannan dogon ƙarfen da ke riƙe zare yana lilo in kina tura kan injin, da nauyin da ke reto a ƙasan saƙar, duk kiran mage suke yi. In ta dira a kan allurai ta lanƙwasa miki 'yan kaɗan, aikin yini ya tsaya. Irin injinan da yawancinmu muke da su allura 200 ne a jere, kuma kamfanin Brother ya daina ƙera injin saƙa tun shekarun 1990, don haka kayan gyaransa sai an sha nema. Ina da tsohon bargo mai nauyi da nake lulluɓe nawa, in kuma akwai saƙa a rataye a jiki, ƙofar ɗakin nake ja gaba ɗaya. Ba zalunci ba ne ki hana mage shiga ɗaki ɗaya a cikin gida.

Akwai kuma lokaci. Mage tana yin barcin awa 12 zuwa 16 a yini, ƙarfinta da asuba yake tashi da kuma wajen magariba. Da na gane haka sai na daina kokawa da su. Da safe in na sallami abin kari, na ba su nasu sun ƙoshi, sai su nemi inda rana ke faɗowa su miƙe, ni kuma in hau inji har azahar ba mai taɓa ni. Da yamma lokacin da suke zabure-zabure, aikin da ba ya jan zare mai tsawo nake yi, sa maɓalli ko ninke kaya. Kwarashi da tsinken saƙa sai bayan isha, ina zaune da bokitina a gefe. In ɗaya ta hau cinyata ina barin ta, ɗumi take nema, sanyin Jos a Disamba ba wasa ba ne, garin yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200. Abin da ya raba ni da su kan kwanciya a kan kayan mutane shi ne kwali. Na sa tsohuwar rigar sanyin da ba a sawa a ciki, na ajiye kusa da inda nake zama. Da suka samu nasu wurin mai ɗumi, suka rage bin nawa. In macen tana da ciki ki ninka kula, cikin mage kwana 63 zuwa 65 ne, kuma kwandon da aka tara saƙa mai laushi shi ne wurin da za ta fara zaɓa ta haihu.

Maganar gashi. Zaren da muke saye a kasuwa muna ce masa ulu, amma yawancinsa, irin su Yeye, na roba ne. A busasshiyar iskar hunturu yana tara wannan ɗan tartsatsin da kike ji in kin cire rigar sanyi da dare, shi ke jawo gashin mage da ƙura su manne. Baƙi da ruwan bula mai duhu, wato kalar rigunan makaranta da ake yawan kawo odarsu kafin komawa a Janairu, su suka fi tona asiri. Safar hannu ta roba nake ɗan jiƙawa in shafa rigar ta gefe ɗaya, gashin sai ya dunƙule in tsince, abin da ya rage salatif ya ɗauke. Taje magen da kanta a tsakar gida kullum yana rage abin da za ta zubar a ɗaki.

Kayan jarirai kam ban yarda a miƙa su haka ba. Shawul da hula da safa, duk sai na wanke da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, in shimfiɗa su a kwance su bushe inda mage ba ta kaiwa, in sa a leda in ɗaure. Kuma ina gaya wa mai oda cewa akwai mage a gidana, saboda akwai masu asma da waɗanda gashinta ke sa wa atishawa da ƙaiƙayin ido. Haƙƙinsu ne su sani. In kuma kin ga wani wuri a jikin magen gashi ya zube ya yi zagaye, irin ƙorar da ke fito wa yara a ka, wannan yana kama mutum, a nisanta ta da kayan saƙa har a yi mata magani.

Hidimar biki tana zuwa da nata. Za a kunna kasko saboda sanyi da turaren wuta, kuma zaren roba narkewa yake yi in ya kusanci wuta, mage kuma in ta yi tsalle ba ta duba me ta ture. Kaskon ya yi nesa da kayanki, kada kuma a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki, wannan har mutane yake kashewa. Kafur da wasu ke zubawa cikin kayan saƙa guba ne ga mage, ga shi zaren roba ma asu ba ya cin sa, to ba ki da buƙatarsa. Haka fiya-fiya da maganin ɓera da ake sawa in ana gyaran gida don baƙi. Ragowar abincin biki ma a kula, albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, ƙashin kaza dafaffe kuma yana tsagewa ya soke ta. Ki cire mata tsokar da ba ta sha yaji ba tun kafin a haɗa miya. Daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara yaran unguwa suna ta fasa nokawut, ga ƙofa a buɗe baƙi na shiga da fita; a irin wannan dare mage ke firgita ta fice ba a sake ganin ta. Ranar da gida zai cika, ki sa su a ɗaki ɗaya da ruwa da abinci da kwanon yashinsu, ki rufe, amma ba ɗakin zare ba.

Game da Hajiya, kada ki mai da abin gardama. Mai yiwuwa abin da ke damun ta shi ne kada baƙi su ga gashi a kan shimfiɗa ko su ji wari, kuma tana da gaskiya a nan. Ki riƙa sauya yashin kullum, ki nuna mata ɗakin da za ki killace su ranar taro, ki roƙe ta ta ba ki zuwa bayan biki ta gani. In kuma tsarki ne damuwarta, hadisin Abu Ƙatada yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kewaya ku a gida. Ki bari maigida ya faɗa mata wannan cikin ladabi, zai fi shiga daga bakinsa.

Sai abu ɗaya da ba laifin maguna ba ne. Yadda kika lissafa odar da ke hannunki, ga biki ga yara, ta yi miki yawa. Ni ina sa ranar rufe karɓar aiki, bayanta duk wanda ya zo ina ba shi haƙuri ko in ce sai Janairu, kuma ba na taɓa zare sai an ba da kafin alƙalami. Lokacin da mutum ke saƙa ido na rufewa saboda alkawarin gobe, lokacin ne ake barin allura a kan kujera a manta da rufe ƙofa. Ki duba waɗanda ba su biya komai ba tukuna, ki kira su yau ki ɗaga musu rana.